Ruwan Gumi da Ƙanƙara a Jikin Motar Baba

Tun ina ƙarama ba na iya wuce abin da ya lotse ban tsaya ba. Kwanon sha ne, murfin tukunya ne, ko jarkar da jaki ya taka, sai na ɗauka na jujjuya, ina son in gane ta ina bugun ya shiga, kuma ina ƙarfen ya tafi da ya matsa ciki. Inna ta sha cewa da a aike ni ɗebo wuta gidan maƙwabta gara a haƙura da girkin, don ko gwangwani na gani a hanya sai na tsuguna mun gaisa. Wannan bin ƙwaƙƙwafi ne ya kai ni karatun kimiyya, har na zama malama a wata makarantar 'yan mata a Talata Mafara, garin da nake aure. Iyayena kuwa suna Bakura, a gidan da aka haife mu.

Baba direba ne tun kafin a haife ni. Ya ja babbar mota yana ɗaukar shinkafa da albasa daga yankinmu zuwa Sakkwato da Gusau, kuma abin taƙamarsa a duniya shi ne bai taɓa goga wa mota jiki ba. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya ajiye babbar, ya sayi wata ƙarama mai ruwan toka, ta hannu, wadda ta girmi duk ɗalibaina. Da ita ya koya mini tuƙi a filin idi, yana cewa a cikin 'ya'yansa ni kaɗai nake sauraren inji. Kowace Talata yakan wanke ta da kansa, ya sa babbar riga, ya tuƙo ta zuwa kasuwar Mafara. Ba wani ciniki yake yi ba. Zai zauna rumfar tsofaffin abokansa a yi gardamar taki da ruwan rani, ya biyo ta gidana ya ci abinci, ya koma kafin la'asar, tunda yanzu, da rashin tsaron nan, ba mai son rana ta faɗi masa a hanya. Da can har Gidan Goga yakan je duba shanu, amma wannan tafiya ta daɗe da yankewa. Talatar nan ita kaɗai ta rage masa.

Sai idonsa ya fara yana. Dukkanmu mun lura, ba wanda ya furta. Yakan miƙa wa mutum hannu ya kuskure kaɗan, yakan kira wannan jika da sunan wancan. Motar ma ta fara ba da shaida: madubi ya karye, fitilar baya ta fashe, kowanne da bayaninsa, kuma a kowane bayani wani ne ya faɗo masa. Inna ta daina shiga motar, ta ce jiri take sa mata.

Yayanmu, wanda yake aiki a Maradun, shi ne ɗan fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, "mutumin Maradun" yake ce masa, Inna kuma "wancan". In ya zo gida zai tsuguna daga nesa ya gaishe su kansa a ƙasa, su amsa suna kallon wani wuri, shi ke nan. Duk maganar da ta wuce gaisuwa sai ta biyo ta kaina, ni auta, wadda ba a jin kunyarta ita ma ba ta ji. Bayan fashewar fitila Yaya ya kira ni a waya, ya ce in gaya wa Baba cikin ladabi, in motar nan ta sake samun ko ƙwarzane ne zai zo ya karɓe makullin, don ya gwammace Baba ya yi fushi da shi da a kira shi a ce ya taka ɗan wani. Na isar da saƙon, na rage masa gishiri. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To."

Wata Talata cikin bazara, ana hutun makaranta, na ji ƙarar motarsa a ƙofar gidana. Da na leƙa sai na ga ya ajiye ta yadda bai saba ba, ya manna gefen dama da katanga har kaza ba za ta ratsa ba. Muka gaisa, ya tambayi maigidana da yara da zafi, na tambayi Inna da gona da mutanen Bakura, ya ci abinci, ni kuwa duk hankalina yana wajen katangar nan. Yana kishingiɗa na sulale na zagaya ta gaban motar.

Kusurwar bamba ta dama, wadda ta roba ce, ta shige ciki kamar an danna ta da gwiwa. Sama da ita, ƙarfen da ke rufe taya ya loɓa, faɗin faranti, da wani layi a tsakiya inda fenti ya kware. Gaskiya abin da na fara ji ba tausayi ba ne, sha'awa ce. Loɓawar ta yi zagaye mai kyau, irin wadda nake ta nema.

"Auta, hito nan." Ashe yana bayana.

"Baba, mi yas samu motag ga?"

"Sa na. Wajen Birnin Tudu garke shina ƙetare hanya, wani baƙin sa yaj juyo yak kai mata karo. Ni ina tsaye ma."

"Sa?"

"Sa nic ce miki." Ya gyara hula. "Kuma mutumin Maradun shina tahe ran Juma'a."

Na ce a kai ta wurin fanalbita, masu buga jikin mota, da ke bakin tasha. Ya girgiza kai. Mai garejin abokin Yaya ne tun firamare, kafin a ɗaga guduma labari ya isa Maradun. Baba ya koma kan tabarma yana juya makullin a hannu, makullin da ke ɗaure da wata tsohuwar igiyar fata tun zamanin babbar mota. Ban taɓa ganin ya nemi alfarma wurin ɗan da ya haifa ba, ranar ma bai nema ba, ya dai ƙi tashi ya tafi. A nan tausayinsa ya kama ni.

A aji nakan koya wa 'yan mata cewa ƙarfe in ya ji zafi yana buɗewa, in ya ji sanyi ya tsuke. Ina zanawa a allo, su rubuta, su ci jarrabawa, amma da ni da su ba wadda ta taɓa ganin abin da idonta. Sai wata rana na ga wani bidiyo a waya. Wani mutum a wata ƙasa ya ɗauki na'urar busar da gashi ya gasa wurin da motarsa ta lotse, sannan ya fesa masa wani abu mai tsananin sanyi daga gwangwani, ƙarfen ya yi ƙara ya dawo daidai da kansa. Na yi ta maimaita kallon har data ta ƙare. Tun daga ranar nake neman motar da zan gwada a kanta, to amma wa zai ba ni tasa? Na kwashe duk wannan na gaya wa Baba.

"Ba guduma?" ya ce.

"Ba guduma, Baba."

"Hwenti ba shi tashi?"

"In Allah ya so ba shi tashi."

"Kin taɓa yi?"

"Na taɓa gani."

Ya yi dariya, ta farko tun zuwansa, ya ce in zo jibi.

Na'urar busar da gashi ba mu da ita, ko da akwai ma wutar Bakura ba ta zuwa da alkawari. Gwangwanin sanyin nan kuwa ban ma san sunan da zan tambaya da shi a kasuwa ba. Amma zafi zafi ne, sanyi sanyi ne, haka na gaya wa kaina. Inna tana sana'ar gumi, wato jiƙa shinkafa mai ɓawo a turara ta a shanya kafin a kai inji, don haka ba a rasa tafasasshen ruwa a gidanmu. Sanyi kuma ƙanƙara za ta yi.

Ranar Alhamis da safe mai ƙanƙara ya cusa mini manyan dunƙule cikin buhu, ya lulluɓe su da buntu, ɓawon shinkafa, don kada su narke da wuri. Na shiga motar haya da buhuna tsakanin ƙafafu. Kafin mu yi nisa ya fara ɗiga kan takalmin wata tsohuwa da ke gefena. Ta dubi buhun, ta dube ni.

"Ɗiyata, buki aka yi?"

"A'a Goggo, mota za mu yi ma magani."

Ta janye ƙafarta.

Na tarar Baba ya shigo da motar garka, filin bayan gida, ta ƙofar da ya gina mata da kansa tsakanin ginshiƙai biyu na siminti. Na ce a bar ta cikin rana ta fara gasuwa. A can gefe Inna tana kan murhu, rabin ganga tana tururi, shinkafa shanye a leda, kaji suna zagayawa suna neman ta kau da ido. Na durƙusa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har na fara jin ƙanƙarata tana narkewa a raina. Da na yi mata bayani ta ce, "Ke da ubanki kun hwara." Amma ba ta ƙi ba. Sharaɗinta ɗaya, ita za ta riƙa kawo ruwan da kanta, wai kada in ƙone.

Ta kawo bokiti na farko. Na kwarara a kan bambar a hankali, Baba yana tsaye yana ba da umarni kamar ya taɓa yi, na ɗora ƙanƙara na jira. Ba abin da ya motsa. Na sa hannu ta baya na tura, robar tana nan da taurinta. Aka sake, aka kuma sakewa, na koma kan ƙarfen na gwada shi ma, shiru. Ƙanƙara sai raguwa take yi, ƙasa ta zama taɓo, zanena ya jiƙe sharkaf. Na fara zargin mutumin bidiyo da damfara, sannan na fara zargin littafin da nake koyarwa da shi, wanda ya fi damuna. In abin nan ƙarya ne, me nake ta zana wa 'ya'yan mutane a allo?

"Ƙila motocin can ƙasar daban su ka," in ji Baba. Ba ya son in ji kunya, ni kuma na ji karayar da ke cikin muryarsa. Aka kira azahar, ya ɗauki buta ya yi alwala ya fita masallaci, kafaɗunsa a sauke.

Na tsuguna ina kallon ragowar ruwan bokiti. Wani abu ya ce mini in tsoma yatsa. Na tsoma, na bar shi a ciki, ruwan da za a yi wa jinjiri wanka da shi ne. Da Inna ta ɗauki bokitin ta koma murhu sai na bi ta a hankali. Ta ɗebo tafasasshe daga ganga, sannan ta juya wajen randa, tana zuba moɗa bayan moɗa.

"Inna! Surkawa kika yi?"

Ko gezau ba ta yi ba. "To mi? Tahwasasshen ruwa za ki kwarara ma ƙasa da rana tsaka? Kin san wa ka kwance wurin? Ki ƙone ɗiyan mutanen ɓoye su bi ki har Mahwara, ni ina zaune ina kallo?"

A gidanmu, kamar gidaje da yawa, ba a zubar da ruwan zafi ƙasa. Ko ruwan gumi sai an surka shi da na sanyi, ko a bar shi ya huce, a yi bisimilla, sannan a zubar a hankali, domin aljanu suna zaune inda ba ma gani, kuma an ce da tsakar rana suke fitowa da 'ya'yansu. Ni kaina haka nake yi a ɗakin girkina ba tare da tunani ba, da kimiyyata da komai. Don haka ban ɓata bakina da gardama ba. Dariya ce ta kama ni har na zauna ƙasa, ga kuma wani sanyi a raina, ashe littafina bai yi ƙarya ba, ɗumi kawai motar take sha tun safe.

"To Inna, in ruwan bai taɓa ƙasa ba hwa?"

Ta tsaya da moɗa a hannu tana nazari. Na jawo babban daron wankinta na tura ƙarƙashin kusurwar motar. Ta zagaya ta duba, ta ce tartsatsi fa? Ta ɗebo tsofaffin buhuna ta shimfiɗa kewaye da daron. Sannan ta tsaya a gaban motar ta yi bisimilla, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ku gahwarta muna, ku kau da ɗiyanku, aiki muka yi." Ta ɗan jira kamar mai ba mutane hanya, ta je ta ɗebo ruwa yana tafasa a tukunya.

Wannan karon tururi ya turnuƙe, ƙamshin gumi ya cika garka. Na zuba a hankali, Inna ta ƙaro, na sake zubawa. Na taɓa robar da tsumma, sai na ji ta yi laushi kamar fatar da aka jiƙa. Na roƙi Inna tsohuwar muciyarta, na naɗe kan da tsumma, na kwanta kan tabarma na zura ta bayan bambar na tura. Robar ta ɗan yi gardama, sai kawai ta biyo, kusurwar ta fito ta cika kamar ba ita ba. Na yi maza na watsa mata ruwan ƙanƙara don ta sandare a haka, ta kuwa tsaya.

"Ikon Allah!" in ji Inna. Ta shafa wurin, ta leƙa ƙasa, ta sake shafawa. Sai ta shige ɗaki ta fito da wata jarkar manja da ta lotse tun bara, ta ajiye gefe, ta ce in an gama da motar ita ce ta gaba. A ranar na gane daga inda na gado halina.

Saura ƙarfe, wanda shi ne ainihin abin da nake son gani. Babu yadda za a tura shi ta baya, dole sai dai ya taso da kansa. Muka yi ta zuba masa tafasasshen ruwa, daro ya cika Inna ta surka ta zubar da bisimilla, muka sake, ga rana ta sama, har ya zama ba a iya ɗora masa yatsa. Na tattara duk ƙanƙarar da ta rage cikin wani tsohon zane, na danna a tsakiyar loɓawar, na kara kunnena kusa. Da farko ba komai sai ɗigar ruwa cikin daro. Can na fara jin wasu ƙananan ƙara, ƙas, ƙas, daga cikin ƙarfen. Na ƙara danna zanen. Sai ɓam! Na ji bugun a tafin hannuna, kaji suka watse, Inna ta yi salati, ni kuwa na buga ihu kamar ba matar aure ba. Abin da na shekara ina zanawa a allo ga shi ya faru ƙarƙashin hannuna. Ban san ranar da na yi farin ciki irin na wannan lokaci ba.

Da na ɗauke zanen na ja baya, na ga zagayen duk ya taso ya koma daidai. Amma layin tsakiya yana nan. A nan ƙarfen ba shiga kawai ya yi ba, ninkewa ya yi, kuma ninki ba ya jin ruwan zafi. Na sake gwadawa da ɗan ruwan sanyin da ya rage, bai ko motsa ba. Ƙanƙara ta ƙare. Layin ya fi tafin hannuna tsawo, fari fat a kan ruwan toka, rana tana dukansa yana ƙyalli.

Na ɗauki tsumma ina goge shi, ina tunanin ko za a iya shafa masa wani abu ya dushe. Sai na ji tsumman yana kamawa. Na kankare da farce na duba. Na zaci gashin baƙin san nan zan gani ko ɗan ɓurɓushin ƙaho, sai na ga garin siminti. Na ɗaga kai. Ginshiƙin dama na ƙofar garka, daidai tsawon gwiwata, ya ɓantare sabo, da shafin fenti mai ruwan toka a jikinsa. Ƙofar da Baba ya gina da hannunsa, wadda ya shekara da shekaru yana ratsawa safe da yamma.

Inna tana kallona. "Ni na ji ƙarar tun ina ɗaka," ta ce a hankali. "Ran Talata da sahe na, rana ta hito sarai. Kuma nan jikokinai ka zama in sun zo."

Murnar da nake yi ta zube gaba ɗaya, tsoro ya maye gurbinta. Na tsaya da tsumma a hannu ina shirya yadda zan gaya wa Baba cewa aikin bai kammala ba, ban ma kai ga tunanin ɗaya maganar ba, sai na ji sallamarsa.

Ya zo kai tsaye wurin motar, ya tsaya kusa har inuwarsa ta taɓa taya. Ya sunkuya, ya daɗe yana dubawa. Sai na ga fuskarsa ta washe.

"Allahu akbar! Auta, Allah shi yi miki albarka. Ta koma awa sabuwa, ko alama babu. Mutumin Maradun shi taho da tabarau nai shi duba."

Yana faɗin haka idonsa yana kan layin, layin da ko daga bakin ƙofa ana hango shi. Inna ta juya ta kama motsa shinkafar da ba ta buƙatar motsi. Ni kuma ko amin na kasa cewa. Da ma na san idonsa ya yi rauni, amma ban san ya kai haka ba.

Baba ya ji shirun. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana sauraren inji, shirun mata biyu ba zai wuce shi ba. Ya miƙa hannu ya ɗora tafinsa a kan bambar, ya shafa, ya hau kan ƙarfen yana bi a hankali, sai hannun ya tsaya. Ya bi layin da yatsa daga wannan kai zuwa wancan, ya dawo.

"Wanga bai hita ba."

"Bai hita ba, Baba."

"Ana ganinai?"

"Ana gani."

"Daga ina?"

"Daga bakin ƙohwa."

Ya juya fuskarsa wajen ƙofar ya daɗe. "Baƙin san nan," ya fara, sai ya bari. Ya sa hannu aljihu ya zaro makullin da igiyar fatarsa, ya laluba hannuna ya saka mini, ya naɗe yatsuna a kai.

"Gobe ki ba mutumin Maradun. Ki ce mai ni nib bayar, ba amsa yay yi ba."

Na ce to. Ya gyara rigarsa kamar zai shiga gida, sai kuma ya tsaya.

"Ƙarhen ga, da kanai yat taso?"

"Da kanai, Baba. Har ƙara yay yi, kaji sunka watse."

"Ash," ya ce. "Da kin jira ni na ji."

Na kwana a Bakura. Da yamma muka gyara jarkar Inna, ta fito tsaf, amma ba wanda ya yi ihu a cikinmu. Washegari Yaya ya iso, ya tsuguna daga nesa ya yi gaisuwarsa, aka amsa masa ana kallon bango. A zaure na ba shi makullin, na faɗa masa saƙon kalma da kalma, wannan karon ban rage komai ba. Ya riƙe shi a buɗaɗɗen tafi, ya kasa rufe hannun. Ya zagaya garka shi kaɗai, ya dubi layin, ya dubi ginshiƙin, ya dawo idanunsa jajur.

"Riƙe," ya ce, ya mayar mini. "Ke yak koya ma tuƙi. Ki tabbata Talata ba ta wuce shi ba."

Ranar na tafi da motar Mafara. Talata da sassafe na dawo, na shigar da ita garka, don na san ba zai yarda ya hau ta ba a wanke ba. Na tarar ya ajiye bokiti da soso yana jira. Ya wanke ta tas, ya shiga ya sa babbar riga da hula, ya fito yana ƙamshin turare. Ya nufi ƙofar direba kai tsaye, ya kama hannun ƙofar, sai ya tsaya. Ina bayansa da makulli, na kasa ɗaga ido. Ya saki ƙofar, ya ɗora tafinsa a kan motar, ya zagaya ta gaba hannunsa yana binta, ya wuce ta kan layin, ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna.

Na tayar da inji. Ya karkata kai ya saurara, ya gyaɗa.

"Ki kula da ginshiƙin ga na dama," ya ce. "Ya matso."